Jinyar Mai Walda

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi tana aikin jinya a babban asibitin gari, har sunanta na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Ko fasto in zai kira ta a gaban jama'a, Sista yake cewa. Ta yi ritaya da ciwon gwiwa da tabarau mai igiya, da kuma shaidar cewa tun tana budurwa ba a taɓa buɗe ƙofar coci babu ita ba.

Ba ta yi aure ba. Ta dai raini yarinya guda, 'yar yayarta, wadda ake kira Barkono saboda ƙanƙanta da zafin kai. Yayar ta mutu yarinyar tana da shekara biyar. Abin da mutane suka sani, santsin ruwan wanki ne ya kwashe ta daga saman matakalar bene. Abin da Sista ta sani daban ne. Kwana biyu Yaya ta yi a ɗakin da Sista ke aiki, a rana ta biyu ta kamo wuyan rigarta ta jawo ta kusa.

"Shi ya tura ni," ta ce. "Amma ki yi mini alkawari yarinyar nan ba za ta ji daga bakinki ba. Uba ɗaya gare ta."

Sista ta yi alkawari, don ba a gardama da mai barin duniya.

Mijin Yaya mai walda ne, ƙato, mai sha, mai saurin hannu. Ya yi kuka a jana'iza har aka rirriƙe shi. Bayan wata uku ya ɗora injinsa a mota ya bar garin, ko takalmi bai bar wa yarinyar ba. Sista ba ta je wurin 'yan sanda ba. Ta bar shi da Allah, kuma ba irin barin da mutane ke faɗa da baki ba. Ita ta san me take nufi. Duk ranar da aka yi wa'azi a kan ranar shari'a, fuskarsa take gani, sai ta koma gida ta ci abincinta da daɗi.

Haka aka yi shekara ashirin da uku. Barkono ta zama malamar firamare, ta kama hayar ɗaki biyu kusa da makarantarsu. Wata Asabar da hantsi ta zo, ta zauna, aka zuba mata shayi har ya huce ba ta taɓa ba.

"Inna, na samo Baba."

Sista tana yanke farce. Ta ci gaba da yankewa.

"Wani fasto ne daga garin da yake ya neme ni. Huhunsa ya lalace, hayaƙin walda da taba. Likita ya ce ba abin da za a yi. Na ɗauko shi, yana wurina tun Laraba." Sai ta ƙara da sauri, "Ba yadda kika san shi ba ne, Inna. Ya tuba. Shekara uku ke nan da yi masa baftisma."

Tuban muzuru, Sista ta ce a ranta.

"Ina barin gida bakwai, ba na dawowa sai uku da rabi. Ba wanda zan bar masa. Na san kina jin haushinsa don ya yar da ni, amma ni da aka yar na haƙura."

"Wace rana zan fara?" Sista ta tambaya.

Barkono ta rungume ta tana kuka. Sista ta bubbuga bayanta, idonta a bushe.

Ran Litinin ta je da jakarta ta aiki. An kwantar da shi a ɗakin ciki, kusa da taga, tukunyar iskar taimakon numfashi a tsaye gefen gado, siririyar roba a hancinsa. Ƙaton nan ya zube, sai ƙashi da manyan hannuwa masu tabon tartsatsi. Idanunsa sun yi fari-fari, hasken walda ya cinye su, amma ya gane takunta.

"Auta, ke ce?"

Ita ce autar gidansu, kuma tun mutuwar Yaya ba wanda ya sake kiranta haka.

"Sista nake. Juya in ga bayanka."

Ya juya da ƙyar. Gyambon kwanciya biyu ne a ƙugunsa. Ta sa safar hannu ta wanke su tas, ta shafa magani, ta rufe da bandeji. Tana cikin aikin ya ce, "Likita ya ba ni wata biyu, wataƙila ba zan kai ba. Kada ki damu da ɓoye mini komai. Na san inda za ni."

Hannunta ya tsaya.

"Ina za ka?"

"Wurin Ubangijina. Ya karɓe ni, Auta. Ni ɗin nan."

Ya faɗe shi kamar mai faɗin lambar gidansu. Sista ta tattara audugar ta fita, ta tsaya a kicin tana kallon famfo. Ita da ta yi shekara arba'in tana azumi da addu'a da ziyarar marasa lafiya, in aka tambaye ta ko tana da tabbacin ceto, iyakar amsarta ita ce, muna dai sa rai. Ga wanda ya kashe Yaya yana kwance kan zanen gado mai fure, wai shi ya sani. Ta ji kamar ta tsare ƙofa shekara ashirin da uku da sanda a hannu, ɓarawon kuwa ya fita ta taga.

Ta san tukunyar iskar nan ciki da waje. Juyi ɗaya za ta yi wa makunninta, ta je ta wanke kwanuka, ta dawo. Ta yi wannan tunanin sau ɗaya ta watsar, ba don tsoro ba. Mutuwa ai ita yake jira, kyauta za ta yi masa. Abin da take so ya mutu yana tsoro. Tana so ta ga tabbacin nan ya zube daga fuskarsa kafin numfashin ya fita.

Shi da kansa ya ba ta hanya. Ba ya iya karatu, sai ya roƙe ta ta riƙa karanta masa Maganar Allah bayan ta gama gyara shi. Ta ce ba komai. Ta fi shi sanin littafin sau ɗari, ta san inda kowace wuƙa take a ciki. Ta karanta masa labarin wanda ya fara zubar da jinin ɗan'uwansa, da yadda jinin ya yi kuka daga ƙasa. Ta karanta masa zancen waɗanda za su zo ranar ƙarshe suna kiran sunan Ubangiji, ya ce musu bai san su ba. Ta karanta na itacen da ba ya 'ya'ya, da gatarin da ke jiransa. Tana karatun a hankali, da muryar da take yi a taron mata, tana leƙen fuskarsa ta saman tabarau.

"Gaskiya ne," yakan ce. Wani lokaci hawaye ya gangaro cikin kunnensa.

In ta rufe littafin sai ta shiga ba shi labarin asibiti.

"Na ga mutuwa ta fi dubu. Akwai wani dattijon coci, shekara ashirin yana raba gurasa da ruwan inabi na jibin Ubangiji. Shi ma ya san inda za shi, har waƙa yake mana. Da lokacin ya zo, mutum huɗu muka danne shi. Ihu yake a rufe ƙofa, ga su nan. Buɗe baki ka sha maganinka."

Ya sha. Zufa ta tsattsafo masa a goshi, ta goge masa da tawul mai tsabta.

"Ki karanta mini na ɓarawon nan da ke kan gicciye, wanda Yesu ya yi wa alkawarin aljanna," ya ce wata rana.

"Shafin ya ɓace mini. Gobe."

Jinya kuwa ba ta rage masa komai ba. Gyambon ya fara warkewa, ɗakin ba wari, zanen gado kullum a miƙe. Barkono takan dawo ta ce, "Inna, ke kam aljannarki a shirye take." Sista ta ce Allah ya sa.

Mako uku ana haka. Yakan girgiza, ya yi shiru yini guda, washegari kuma ta tarar da shi yana gunagunin wata waƙar coci da ragowar muryarsa. Sista ta ga yanka da bayan wuƙa take yi. Ranar wata Talata, tana aske masa gemu, reza a gefen maƙogwaronsa, ta ce, "Ta gaya mini kafin ta mutu."

Bai tambayi wa ba.

"Na sani," ya ce. "Na gani a idonki ranar jana'iza. Shi ya kore ni daga garin."

"To da wane bakin kake cewa an karɓe ka?"

"Na faɗa wa Allah duka. Na faɗa wa faston da ya yi mini baftisma, ban rage ko kalma ba."

"Allah dā ma ya sani. Fasto kuma ba uwarsa ka kashe ba." Ta wanke rezar a kofi. "Tuba mai arha ka yi. Ka zaɓi waɗanda ba abin da za su ƙwace maka ka faɗa musu. Yarinyar da ke zubar da fo ɗinka, take ba ka abinci a baki, har yau ta ɗauka ruwan wanki ne ya kashe uwarta. Kowace loma da ka ci a gidan nan, da ƙarya ka ci ta. In bangaskiyar taka ta gaske ce, gaya mata. In ba za ka iya ba, ka daina yi mini waƙa, don kai da shaiɗan bangaskiyarku iri ɗaya ce, shi ma ai ya san akwai Allah."

Ta goge masa fuska, ta shafa masa mai.

Ta auna abin tun a gida. In ya ƙi faɗa, ya san kansa munafuki ne, da wannan sanin zai mutu. In ya faɗa, ya rasa 'yarsa. Ko ta ina aka juya ita ke da riba, alkawarin Yaya kuma yana nan, don ba daga bakinta yarinyar za ta ji ba.

Kwana uku bai ci abinci ba. Waƙar ta ɗauke. Ya daina neman karatu, sai ya juya fuska bango yana motsa leɓe. Sista ta ji jikinta ya yi sauƙi, har ciwon gwiwar ya lafa. Rabonta da irin wannan nishaɗi ta manta. Ta sayo wa kanta sabon mayafi a hanyar gida.

Ran Juma'a da ta ɗauki jaka za ta tafi, ya ce, "Auta, ki tsaya yarinyar ta dawo. Ina so ki zama shaida."

Uku da rabi Barkono ta shigo, rungume da littattafan 'yan ajinta, alli a gefen hannun rigarta. Ya ce ta zauna. Ta ce bari ta ajiye kaya, ya ce a'a, in ta fita ba zai sake samun ƙarfin ba. Ta zauna a bakin gado da littattafan a cinya.

Ya faɗa. Numfashinsa ba ya kai jimla guda, sai ya yanka ta biyu ko uku. Ya ce ya dawo a buge, uwarta ta tare shi a saman bene ta ce ba zai shiga ɗaki ya tayar da yarinya ba. Ya ce ya sa hannu biyu a ƙirjinta ya tura.

Barkono ta yi dariya, gajeriya, irin ta wanda bai gane ba.

"Baba, zazzaɓi ne. Ruwan wanki ne. Kowa ya ga ruwan."

"Ni na zuba. Bayan ta faɗi. Na shiga na ɗauko bokitin na zuba, sannan na yi ihu."

Wannan ko Sista ba ta sani ba. Ta dafa bango.

Littattafan suka zame suka watse a ƙasa. Barkono ta miƙe. Ba ta yi ihu ba, ita da ko cokali ya ɓace sai maƙwabta sun ji. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo.

"Inna, kin sani?"

"Uwarki ce ta ɗaure mini baki."

"Kin sani, kika bar ni na ɗauko shi. Wata guda kina kallona ina hura masa abinci." Ta matso. "Me ya sa yau? Shekara uku da tubarsa bai faɗa ba, sai da kika zo. Ke kika sa shi."

"Haƙƙinki ne ki sani."

"Kada ki ce don ni kika yi! Da don ni ne, da kin zaunar da ni a ɗakinki kin riƙe mini hannu. Jifansa kika yi da ni, Inna. Dutse kika nema, kika ga ni."

Ta shiga ɗaya ɗakin, ta cusa kaya a jaka, ta ajiye mabuɗin gidan kan tebur. Sista ta ji takunta a matakala har ya ɓace.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sista ba ta taɓa barin majinyaci shi kaɗai ba, ko da wanda ya tofa mata yawu ne, ba kuma za ta fara yanzu ba. Ta koma gida ta ɗebo kayan sawa, ta shimfiɗa katifa a falo.

Da safe ta kawo ruwan ɗumi a roba. Fuskarsa ta kumbura da kuka. Wannan ce ranar da ta jira, ta ajiye robar a hankali don kada ta rasa komai.

"To, yanzu fa? Har yanzu ka san inda za ka?"

Tukunyar iska tana ta huci.

"Kwana ukun nan na ɗauka an rufe mini ƙofa," ya ce. "Na duba cikina ko zan ga wani abu da zan riƙe, ban ga komai ba. Matsoraci na gani. Kin yi gaskiya, na ɓoye a bayan fasto." Ya ja numfashi. "Amma dā ma ba kaina na riƙe ba, Auta. In da halin kirki ake shiga, ni ko layi ba za a bar ni in tsaya ba. Yesu ne ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba. Na zo. In ya kore ni bai zalunce ni ba. Sai dai shi ba ya ƙarya."

"Jinin Yaya fa?"

"Shi ya ɗauka. Ba ni da wata amsa."

"Shi ke nan? Shi ya ɗauka?"

"Na gode da kika matsa mini. Da na tafi da shi a ciki."

Sista ta ɗaga robar ta maka ta da bango. Ruwa ya wanke labule, ya gangaro ƙarƙashin gado.

"Wa ya tambaye ni?" ta ce. "Wa ya tambaye ni kafin a yafe maka? Ni na wanke gawarta! Ni na ƙi maza uku don 'yarka! Kai ka yi shekara ashirin kana shanka, ka shiga ruwa minti ɗaya ka fito fes, ni kuma in zauna ina sa rai?"

Ta tsaya tana haki har ƙafafunta suka gaji. Daga baya ta ɗauko tsumma ta durƙusa kan gwiwar mai ciwo ta goge ruwan, don kada wani ya zame.

Ya ƙara kwana tara. Ba ta sake yi masa karatu ba, shi ma bai nema ba. Barkono ba ta ɗaga waya. A rana ta bakwai da azahar ta zo da sabuwar tukunyar iska, direban tasi ya taya ta hawo da ita. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ba ta shiga ba, ba ta kuma dubi Sista ba.

"Ban yafe ba," ta ce masa. "Ban san ko zan iya ba."

"Na sani, 'yata. Na gode da kika zo."

Ta tsaya kamar minti biyu, ta tafi.

Ya mutu ran Litinin, ƙarfe sha ɗaya saura na safe. Sista ta ga alamun tun da hantsi, ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa, ta gyara tabarau. Ya sha wuya. Ƙirjinsa yana dagawa kamar zai tsage, yatsunsa suna yakushin zanen gado, ya tsorata kamar yadda duk mai neman iska ke tsorata. Amma ta ga fuskoki da yawa, ta san bambancin tsoron jiki da ɗayan, kuma ɗayan bai zo ba. Sunan Yesu yake kira, rabi-rabi. Can ta ga hannunta a kan goshinsa, ba ta san lokacin da ya je ba. Ta bar shi a wurin har ya gama. Ta rufe masa ido, ta ɗaure haɓa, ta kashe tukunyar, ta rubuta lokaci a bayan takardar magani.

Mutum shida ne a jana'izar. Barkono ta zo, ta tsaya nesa da kabarin, nesa da Sista. Bayan nan ta nemi canjin makaranta ta koma wata unguwa. Wata huɗu ba kira, sai saƙo guda a waya, cewa tana lafiya, a ba ta lokaci.

Lahadin da ta biyo bayan jana'izar akwai jibin Ubangiji. Da tiren gurasar ya iso gabanta, Sista ta miƙa wa ta kusa da ita ba ta ɗauka ba. Matar ta zungure ta, ta ɗauka mantuwa ce. Da aka tashi ta zauna har cocin ya watse. Faston yaro ne a wurinta, ita ta karɓi haihuwarsa, ya zo yana tambayar ko gwiwar ce.

"Ba gwiwa ba ce. Wani ya mutu a hannuna, na so ya shiga wuta, har yanzu ban daina so ba. Kuma ina jin bai shiga ba." Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. "Shekara arba'in ina nan, ban taɓa sanin ko ni an karɓe ni ba. Ina so ka gaya mini yadda ake sani. Kada ka yi mini wa'azi, na san wa'azin."

Faston ya ce ko za ta zo ofis ran Laraba su zauna a tsanake. Ta ce ba ta da tabbacin za ta iya sake faɗa ran Laraba. Sai ya aika a gaya wa matarsa su ci abinci kada su jira shi, ya juyo da benci ya zauna yana fuskantarta, ya ce ta fara daga farko.